Daga Kiran Salla Zuwa Littafin Tankifa: Tarihin Lokacin Aiki a Birnin Kano

Akwai wata tambaya da muke yi wa juna sau goma a rana, amma da wuya ka ga wanda ya tsaya ya dube ta da kyau: ƙarfe nawa? Shin me ya haɗa lokaci da ƙarfe? Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne, a farkon zamanin Turawa akan rataye guntun ƙarfe a bariki ko a bakin ofis, idan awa ta cika sai a sa wani ya buga shi daidai adadin awar. Wanda ya ji bugu bakwai sai ya ce an buga ƙarfe bakwai. Ita ma kalmar agogo aro muka yi daga Yarabawa, a wurinsu sunan ƙararrawa ce. Awa da minti kuwa kowa ya san daga Ingilishi suka zo. Sa'a ta Larabci ta riga su zuwa, amma a bakin talaka ta fi nufin dace, ko wani ɗan lokaci da ba a ƙayyade ba. Wato dai kayan da muke auna yinin ma'aikaci da su yau kusan duk baƙi ne, ba su fi shekara ɗari da 'yan kai da zama a Kano ba, alhali birnin ya yi ɗaruruwan shekaru ana rini da jima da saƙa da dukanci da fatauci a cikinsa. To da me mutanen da suke auna aiki, kuma a hannun wa ma'aunin yake? Wannan ita ce maganar da nake so mu bi, tun daga zamanin da ake rufe ƙofofin gari har zuwa dokar ƙwadago da ke aiki a Nijeriya yanzu.

Baturen nan Kyaftin Clapperton ya shigo Kano a farkon shekarar 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Daga cikin abin da ya rubuta akwai cewa ganuwar birnin tana da ƙofofi 15, kuma kullum ana buɗe su da fitowar rana a rufe da faɗuwarta. Ya kuma lura cewa kasuwa tana ci tun daga safiya har faɗuwar rana, kowace rana, har da Juma'a. Kasuwar Kurmi ke nan, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Idan mai karatu ya haɗa waɗannan abubuwa biyu zai ga iyakar yinin aiki a wancan zamani. Mai itace ko mai nono da ya shigo daga ƙauye dole ya sallami cinikinsa ya fita kafin Sarkin Ƙofa ya tura ƙyaure, in ba haka ba ya kwana a gari. Ɗan kasuwa kuma ba shi da abin da zai zauna jira a rumfa bayan masu saye sun watse.

A tsakanin waɗannan iyakoki biyu, Bahaushe ya yanka yininsa gida-gida da sunaye: asuba, hantsi, walaha, tsakar rana, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, lisha. Rabinsu na rana ne, rabi na salla. Abin da nake so a riƙe a nan shi ne, wannan agogo ba ya cikin aljihun kowa. Idan ladan ya kira la'asar, da maigida da yaronsa tare suka ji. Ubangida komai isarsa ba ya iya mayar da rana baya da minti goma don yaransa su ƙara aiki. Marinin Ƙofar Mata yana bukatar hasken rana ya ga yadda baba ya kama, ya kuma shanya. Maɗinkin Soron Ɗinki da badukun Dukawa duk da ido suke aiki, fitilar aci-bal-bal kuwa mai take sha, man kuma kuɗi ne. Saboda haka duhu da kansa shi ne yake tashin ma'aikata, ba sai an rubuta doka ba.

Kuma yawancin aikin lada ba da lokaci ake auna shi ba, da abin da aka yi ne. Jinga ake yi: riga kaza kuɗinta kaza, bugun turmi kaza ladansa kaza, dakon kaya daga Kurmi zuwa Dala kaza. In ka ga dama ka gama da hantsi, in ka ga dama ka kai almuru. Malamanmu na zaure da suke karantar da Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil sun san babin ijara, inda aka sharɗanta cewa ladan ya zama sananne, abin da aka yi ijarar a kansa shi ma ya zama sananne, ko dai aikin ko kuma tsawon lokacin. Idan rigima ta kai gaban alƙali, shaidu yake nema. Ke nan tun kafin Bature ya zo da takarda, ƙa'idar cewa ba a ɗaukar mutum aiki a kan jahilcin iyakarsa tana nan a littattafan da ake karantawa a Madabo.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa zamanin da aljanna ce. Babban kaso na aikin da ya ciyar da Kano a ƙarni na 19 bayi ne suka yi shi, a rinji da gandayen sarki irin su Nassarawa da Ɗorayi da Fanisau, kuma a cikin Kurmin nan da muke yabo akwai wurin da ake sayar da mutane. Amma abin mamaki, har a wannan mummunan tsari al'ada ta yanka iyaka. Clapperton, a tafiyarsa ta biyu wadda ya rasu a cikinta a Sakkwato a 1827, ya rubuta cewa bayin gona suna yi wa ubangijinsu aiki daga wayewar gari zuwa tsakar rana, sauran yinin nasu ne. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta aka buga a 1954, ta ba da kusan irin wannan bayani game da rinjinsu: a shiga gandu da hantsi, a tashi da azahar, kowa ya koma gayaunarsa. A cikin birni kuma akwai murgu, inda bawa yake zuwa ya yi sana'arsa ya riƙa biyan ubangijinsa wani ƙayyadadden kuɗi. Ba tausayi ne kaɗai ya kawo haka ba, bawan da yake noma abincinsa da kansa ya rage wa ubangijinsa nauyi. Duk da haka iyaka ce da kowa ya sani, kuma azahar ce take tsaron ta.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka fasa ganuwa suka shiga Kano. Amma a ganina, a kan maganar lokaci, shekarar da ta fi muhimmanci ita ce 1911, lokacin da hanyar jirgin ƙasa da aka taso da ita daga Baro ta iso Kano, aka fara jigila sosai a 1912. Jirgin ƙasa ba ya jin hantsi ko walaha. Yana da jadawali, kuma jirage biyu da ke kan dogo ɗaya dole agogonsu ya zama ɗaya, in ba haka ba a yi karo. Shi kansa aikin shimfiɗa dogon, yawancin leburorinsa ta hannun sarakuna da hakimai aka tara su, kowace gunduma a ɗora mata adadin mutanen da za ta kawo. A irin waɗannan wurare, da ma'aikatar ayyuka, da kamfanonin sayen gyaɗa da suka cika bayan gari, Bahaushe ya fara sanin wasu mutane biyu da ba su cikin tsarinsa na da: heluma, mai tsayawa a kan leburori, da tankifa, mai littafi.

Shi tankifa aikinsa ya kira suna da safe ya sa alama. Wanda ya sa wa alama ya yi aiki ran nan, wanda bai sa wa ba, ko da guminsa ya jiƙa ƙasa, bai yi ba. Ƙarshen mako ko wata, da wannan littafi ake biya. To dubi abin da ya canja. Da, shaidar yinin aiki rana ce da ladan da jama'ar unguwa. Yanzu ta koma agogo ɗaya da ke ofis, da littafi ɗaya da aka rubuta da boko, wanda lebura bai iya karantawa ba, kuma mai riƙe da shi ma'aikacin mai biya ne. Duk wata rigima da aka yi ta yi daga baya a kan lokacin aiki, in ka bi silarta, a nan za ka same ta.

Shekarar 1919 ta zo da abubuwa biyu da ya kamata a ajiye su kusa da juna. Na farko, ranar 1 ga Satumba ta wannan shekara gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora Nijeriya a kan lokacin da muke kai har yau, wato awa ɗaya gaba da na Girinwic da ke Ingila. Kafin nan an yi ta sauye-sauye, daga 1914 rabin awa ne tsakani. Ga wani ɗan lissafi don masu sha'awa: rana tana ɗaukar minti 4 kafin ta ƙetare digiri ɗaya, Kano kuwa tana kan kusan digiri takwas da rabi gabas da Girinwic, wato minti 34 ke nan. Lokacin da aka ɗora mu a kai na digiri 15 ne, layin da ya bi ta wajen Injamena a ƙasar Cadi. Shi ya sa agogon da ke hannun Bakano yake gaba da ranarsa da kamar minti 26, kuma idan ya nuna sha biyu daidai, rana ba ta riga ta raba tsaka ba.

Na biyu, a wannan shekara aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, kuma yarjejeniyarta ta farko, wadda aka amince da ita a birnin Washinton, a kan lokacin aiki ce: awa 8 a rana, awa 48 a mako, a masana'antu. Ba daga sama ta faɗo ba. Ma'aikatan Turai da Amurka sun yi shekaru suna fafutukar awa takwas, har aka zubar da jini a Shikago a watan Mayu na 1886, abin da ya zama asalin ranar ma'aikata. Sai dai ita Ingila ba ta taɓa tabbatar da wannan yarjejeniya ba, domin al'adarta ita ce a bar maganar awoyi ga ciniki tsakanin ƙungiyar ma'aikata da masu kamfani. Wannan al'ada ce ta gadar wa ƙasashen da ta mallaka. Mun karɓi agogon a 1919, iyakar awoyin kuwa ba ta biyo shi ba.

Dokokin da suka biyo baya zan wuce su da sauri. An yi dokar ƙwadago a 1929, an yi ta aikin tilas a 1933, an halatta ƙungiyoyin ma'aikata a 1938, an sake babbar dokar ƙwadago a 1945. A tsakanin nan, daga 1942 zuwa 1944, gwamnatin da ta yi dokar taƙaita aikin tilas ita ce ta kwashi dubban talakawa daga lardunan Arewa ta kai su haƙar kuza a Jos da sunan yaƙi, da yawa ba su dawo ba. A watan Yuni na 1945 aka yi babban yajin aikin da ma'aikatan jirgin ƙasa suka ja gaba ƙarƙashin Michael Imoudu, ya ɗauki fiye da makonni shida, amma a kan kuɗin tsadar rayuwa aka yi shi. Su kuwa 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram wata hanya daban suka bi. A watan Disamba na 1952 Faransa ta yi dokar ƙwadago ga ƙasashen da take mulka, bayan matsin lambar ƙungiyoyin ma'aikatan Afirka ta Yamma, ta rubuta awa 40 a mako ƙarara. Har yau dokar ƙwadago ta Jamhuriyar Nijar, ta shekarar 2012, tana ɗauke da wannan adadi. Ko ana bi ko ba a bi wata magana ce, amma dai akwai lambar da ma'aikaci zai nuna da yatsa.

Masana'antun Kano a bayan ganuwa aka gina su, Bompai da farko, daga baya Sharaɗa da Challawa. Masaƙu, kamfanonin man gyaɗa, na alewa, na kwanuka, na takalman roba. A nan ne jiniya ta fara kiran mutane, aka raba yini gida uku, masu aikin safe da na rana da na kwana, aka kuma kawo kati da ake bugawa a bakin ƙofa. Ita wannan na'urar buga kati wani Ba'amurke mai suna Willard Bundy ne ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1880, kamfaninsu kuma yana cikin waɗanda suka haɗu daga baya suka zama IBM. Wani masani, Paul Lubeck, ya zauna da ma'aikatan waɗannan masana'antu a farkon shekarun 1970, ya fitar da littafi a kansu a 1986. Ya nuna cewa da yawansu 'yan ci-rani ne da tsofaffin almajirai da gardawa da suka shigo daga karkara, domin ɗan birni ya fi son kasuwanci ko sana'ar gidansu a kan ya zama lebura. Ya rubuta yajin aikin da suka yi a 1971 don a biya su ƙarin albashin Adebo. Amma abin da ya fi jan hankalina a bincikensa shi ne rigimar salla. Inji ba ya tsayawa, manaja yana lissafin kowane minti, ga kuma azahar ta yi. Ma'aikacin da ya bar injinsa ya je ya yi salla ba da izini ba yana iya fuskantar horo, kuma wannan ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka haɗa kan ma'aikata suka tsaya wa juna. Ma'aikacin Shikago awa takwas ya nema. Na Bompai, kafin ya kai ga wannan, sai da ya fara neman a bar masa tsohon agogonsa ya ratsa cikin sabon.

Dokar da ke aiki yau an yi ta a 1974, zamanin Janar Yakubu Gowon, a matsayin dokar soja mai lamba 21, daga baya aka shigar da ita kundin dokokin tarayya na 2004. Ya kamata duk mai ɗaukar mutane aiki, da duk wanda aka ɗauka, ya san abin da ta ce, don da yawa suna zaton ta ce awa takwas. Ba ta ce ba. Sashe na 13 cewa ya yi awoyin aiki su ne waɗanda aka yi yarjejeniya a kansu tsakanin mai aiki da ma'aikaci, ko aka cimma ta hanyar ciniki da ƙungiya, ko hukumar albashi ta masana'antu ta yanka inda babu hanyar cinikin. Duk abin da ya haura wannan shi ne ƙarin lokaci, wanda ma'aikata suke kira obataim, amma dokar ba ta faɗi nawa za a biya a kansa ba. A Amurka, tun dokarsu ta 1938, ninki ɗaya da rabi ne. Gana ma dokarta ta 2003 ta rubuta awa 8 a rana ko 40 a mako. Mu namu an bar wa ciniki, ciniki kuwa tsakanin mai shago da saurayin da ya yi wata shida yana neman aiki, kowa ya san wanda zai yi rinjaye.

Amma ba a ce dokar ba ta da haƙora gaba ɗaya ba. Ta ce wanda zai yi aikin awa 6 ko fiye a rana dole a ba shi hutu, sau ɗaya ko a rarrabe, wanda jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Ka ga wannan rarrabawar ta ishi azahar da la'asar da cin abinci. Ta ce a kowane kwana 7 akwai hutun yini guda, awa 24 a jere, ba ta kuma ambaci Lahadi ko Juma'a ba, in kuma an ci wannan hutu sai a rama shi ko a biya. Wanda ya cika wata 12 yana aiki yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa. Yaron da bai kai shekara 16 ba ba a sa shi aikin da ya wuce awa 4 a jere, ko awa 8 a yini. Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana. Sannan ga abubuwa biyu da suka shafi rubutu: sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda cikin wata 3 da fara aiki, wadda ta ƙunshi albashi da awoyin aiki da hutu, sashe na 75 kuma ya wajabta masa ajiye bayanan albashi da sharuɗɗan aiki har shekara 3. Wato a ƙarshe dokar ta mayar da littafin tankifa hujja a kan mai littafin. Matsalar ita ce tarar da aka yanka wa masu saɓawa ta ɗaruruwan naira ce, ta zamanin da naira take naira, yau ba ta sayen kwanon shinkafa. Kuma tsarin mulki na 1999 ya sa harkar ƙwadago a hannun tarayya kaɗai, don haka majalisar jihar Kano ba ta da ikon yanka wa kamfanoni awoyi.

Abin da gwamnatoci suka fi ba ƙarfi shi ne ɗaya ɓangaren, wato kama makararru. Janar Murtala Muhammed, ɗan birnin Kano, da ya hau mulki a watan Yuli na 1975 ya sallami dubban ma'aikatan gwamnati, zuwa ofis a kan lokaci ya zama maganar rai da mutuwa na ɗan wani lokaci. A 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, aka riƙa rufe ƙofar ma'aikata ana sa manyan mutane tsallen kwaɗo. Yau kuma an kai ga na'urar dangwala yatsa, don maganin ma'aikatan bogi da masu sa hannu a madadin abokansu. Ban ce wannan ba shi da amfani ba, duk wanda ya taɓa zaman jiran ma'aikaci a ofis har hantsi ya dubi ludayi ya san ciwon. Amma na'urar nan da take rubuta lokacin shigowa, ita ce kuma take iya rubuta lokacin fita, kuma ban cika jin an buɗe ta don a biya wanda aka riƙe har bayan lisha ba. A Turai, a watan Mayu na 2019, babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar da wata ƙungiyar ma'aikatan Sifen ta kai bankin Deutsche Bank, cewa dole a wajabta wa masu ɗaukar aiki su kafa tsarin auna awoyin kowane ma'aikaci a kullum. Dalilin kotun shi ne, in babu wannan rubutu ma'aikaci ba shi da yadda zai tabbatar an ci haƙƙinsa.

A nan Kano tana da abin alfahari guda da ba a cika tunawa da shi ba. Gwamnatin PRP ta marigayi Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ce ta ba da hutun ranar ma'aikata a jihar Kano a 1980, tun kafin gwamnatin tarayya ta Shehu Shagari ta mayar da 1 ga Mayu hutun ƙasa baki ɗaya a 1981. A shekarar ce kuma, bayan yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta yi ƙarƙashin Hassan Sunmonu, aka yi dokar mafi ƙarancin albashi na naira 125. Jam'iyyar Malam Aminu Kano ce ta ɗauko ranar tunawa da masu neman awa takwas na Shikago ta kawo ta gindin Dala.

To yanzu mu koma cikin ganuwa, inda muka faro. Yawancin masu aiki a birni yau ba a Bompai suke ba, masaƙun ma da yawa sun daɗe da rufewa. Suna shagunan Kurmi da Rimi da Ƙofar Wambai, da shagunan ɗinki, da gidajen burodi, da gidajen ruwan leda, da kemis, da ƙananan makarantun kuɗi da suka cika lunguna. Ƙofofin gari ba a rufe su, wasu ma an rushe an sake gina su don titi ya wuce. Wutar lantarki ta shigo Kano tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, inda ta gaza kuma janareto da fitilar sola sun cike gurbin. Duhun da yake tashin ma'aikata ya daina tashinsu. Duk wanda ya ratsa lungunan birni a goman ƙarshe na azumi ya ga teloli da yaransu a kan keke har kiran assalatu, wasunsu yara ne da dokar 1974 ta ce kada su wuce awa 4 a jere. Gidan burodi da dare yake aiki. Yaron shago shi ne mai buɗewa, shi ne mai rufewa, ranar hutunsa kuwa sai in an yi rasuwa ko ranar salla.

Kuma ita dokar da kanta ta bar ƙofofi. Ma'anar ma'aikaci a sashe na 91 ta fitar da iyalin mai aikin, alhali a birni yaron shago sau da yawa ƙane ne ko ɗan ɗan'uwa. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda aka ɗaga zuwa naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shago nawa ne a Kurmi yake da mutum 25? Koyon sana'a dokar ta ce a rubuta yarjejeniya a gaban jami'in ƙwadago, kada kuma ta wuce shekara 5 ga yaro, amma mu abin da muka sani shi ne uba ya kama hannun ɗansa ya danƙa wa maigida, a yi fatiha.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce maigidan kirki yana ciyar da yaronsa, ya yi masa magani, ya yi masa aure, ƙarshe ya sallame shi da jari, abin da babu kamfanin da zai yi wa lebura. Gaskiya ne, attajirai da yawa a Kano ta wannan hanya suka tashi. Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan halin mutum ɗaya. In an dace da na Allah, shi ke nan. In ba a dace ba, ko maigida ya rasu magada suka ce ba su san zancen ba, ko kasuwa ta karye, yaron da ya ba da ƙuruciyarsa ba shi da takardar sashe na 7, ba shi da suna a kowane littafi. Kotun ma'aikata ta ƙasa tana da reshe a Kano, amma abin da za a fara tambayarsa a can shi ne shaidar ɗaukar aiki da ta biyan albashi. Saboda haka irin wannan ƙara ba ta cika zuwa can ba, takan tsaya ne a gaban shugabannin kasuwa, ko mai unguwa, ko ofishin Hisba, a nemi sulhu. A wajen sulhun kuwa ba a tambayar awa nawa yake yi a rana, sai dai a ce shekara nawa ya yi a gidan, a kira dattawan layin su faɗi abin da suka tuna.